Wa Ya Cinye Barewar Arewacin Wiskonsin?

Kowace shekara a watan Nuwamba, ranar Asabar ɗin da ta gabaci bikin godiya na Amurkawa, maharba fiye da rabin miliyan kan shiga dazuzzukan jihar Wiskonsin tun kafin gari ya waye. Kowa yana sanye da riga mai launi mai ɗaukar ido, galibi ruwan lemo, wadda doka ta wajabta don kada wani ya harbi ɗan'uwansa. Kwana tara ake yi ana farauta da bindiga. Iyalai da dama suna da bukkokin katako a daji tun na kakanni, inda uba da 'ya'ya da jikoki ke haɗuwa sau ɗaya a shekara, kuma naman da aka samu shi ake ci har sanyi ya wuce. Dabbar da ake nema ita ce barewa mai farar wutsiya. Ta fi tamu ta Sahel girma, namijinta yana da ƙaho mai rassa wanda yake zubarwa duk hunturu ya tsiro da sabo, kuma idan ta firgita takan ɗaga wutsiya sama, farin gashin da ke ƙasanta ya bayyana yayin da take gudu.

Da aka gama kwana taran na 2023 aka zauna lissafi, sai aka ga abin da aka harbe ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari a kan na 2022, kuma raguwar ta fi tsanani a yankin dajin arewa, can wajen tafkin Superior. Maharba suka koma gida da labari iri ɗaya: an sha sanyi a kan bishiya daga asuba zuwa magariba ba a ga ko wutsiya ba, amma kyamarorin da suka ɗaure a jikin itatuwa cike suke da hotunan kyarkeci. Ba a ɗau lokaci ba majalisar dokokin jihar ta zartar da ƙudirin hana harbin barewa mata a yankin arewa har shekara huɗu. Gwamna Tony Evers ya hau kujerar naƙi a watan Maris na 2024. Kuka iri ɗaya ake yi a maƙwabta, wato arewacin Mishigan da arewa maso gabashin Minesota.

Maharban nan ba ƙarya suke yi ba, barewa ta ragu a arewa. Gardamar tana kan abin da ya jawo raguwar da kuma maganinta, kuma a nan ne nake ganin mafi yawan masu ɗaga murya sun bar jaki suna dukan taiki.

Abu na farko da ke rikita zancen shi ne, jihar ɗaya ce a taswira amma biyu ce wajen barewa. Kudanci ƙasar noma ce, ga masara ga waken suya ga ciyawar shanun madara, sanyi kuma da sauƙi. Barewa ta yi yawa a can har tana ɓarna a gonaki, tana shiga unguwanni, kuma hatsarin mota da barewa da ake kai rahotonsa a jihar ya haura 15,000 a shekara. Arewaci kuwa daji ne mai yashi da fadamu da doguwar dusar ƙanƙara. Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta jihar, wadda kowa ke kira DNR, takan fito ta ce akwai barewa fiye da miliyan ɗaya a Wiskonsin, kuma gaskiya ta faɗa. Mutumin gundumar Iron ko Ashland a arewa da ya yi mako bai ga ko ɗaya ba yana jin wannan adadi a matsayin raini, shi ma da gaskiyarsa.

Abu na biyu shi ne ma'aunin da maharba ke riƙe da shi a kai. A shekarar 2000 an harbe barewa fiye da 600,000 a Wiskonsin, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kuma ba a sake kaiwa ba. A 'yan shekarun nan abin yana wajen 300,000. Yawancin waɗanda ke jan ragamar ƙungiyoyin maharba a yau a wancan zamani suka yi ƙuruciya, don haka a wurinsu daji mai lafiya shi ne wanda za ka ga garke goma kafin azahar. Amma shekarar 2000 ba ita ce yadda arewa ta saba zama ba. An samu jerin hunturu masu sauƙi a ƙarshen shekarun 1990, ana sarar itace sosai don masana'antun takarda, kyarkeci kuma bai wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Abubuwa uku ne suka haɗu a lokaci guda, kuma babu dokar da za ta sake haɗa su.

In an koma baya sosai, arewacin jihar ba ƙasar barewa mai yawa ba ce tun asali. Kafin zuwan masu sarar katako dajin tsohon daji ne, manyan itatuwa sun rufe sama, ƙasa babu toho sosai. Daga wajen 1880 zuwa 1920 aka sare kusan dukansa, gobara ta bi baya. A daidai wannan lokaci farautar kasuwa ta kusa ƙarar da dabbar a Amurka baki ɗaya, har ana ƙiyasta cewa wajen 1900 abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba. Dokar Lacey ta 1900 ta toshe safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, jihohi suka kafa dokar harbin maza kaɗai, sannan dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji. Sabon daji ya taso a kan kufan tsohon, duk ƙananan itatuwa daidai bakin barewa, kyarkeci kuma gwamnati na biyan lada ga duk wanda ya kashe shi. Barewa ta hayayyafa fiye da abin da kowa ya zata. Yau ana ƙiyasta ta da kusan miliyan 30 a ƙasar.

Daga wannan nasara maharba suka ɗauki darasi guda, suka mayar da shi kamar ibada: mace ba a harbinta. Darasin daidai ne a zamanin da dabbar ke bakin ƙarewa. Zuwa farkon shekarun 1940 kuwa barewa ta cinye dajinta tana mutuwa da yunwa. Aldo Leopold, farfesan kula da namun daji a Jami'ar Wiskonsin, shi ya jagoranci kwamitin da aka kafa kan lamarin, kuma a watan Maris na 1943 ya ɗebi 'yan kwamiti da 'yan jarida ya kai su mafakar barewa ta hunturu don su ga gawarwakin 'ya'yanta da idonsu. A kakar wannan shekara aka buɗe harbin mata, aka kashe wajen 128,000 maza da mata. Jama'a suka fusata, aka laƙaba wa abin suna laifin 43, aka kafa kwamitin ceton barewa mai fitar da jarida tana caccakar Leopold. Fim ɗin Bambi na kamfanin Disney ya fito ne a 1942, ya ƙara wa wutar mai. Leopold ya rasu a 1948 ba a gama zaginsa ba. Wanda ya saurari tarukan maharba na yau zai ji kusan maganganun da aka yi wancan lokaci: ma'aikatan gwamnati ba su san daji ba, lissafinsu na ofis ne, ana so a ƙarar mana da barewa.

Dalilin da ya sa mace ce tsakiyar rigimar lissafi ne mai sauƙi. Barbara a watan Nuwamba ake yi, ciki yana ɗaukar kimanin kwana 200, haihuwa a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma mace mai ƙoshi tagwaye takan haifa. Namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. Ko an harbe yawancin maza, badi za a haifi 'ya'ya kusan adadin na bana. Saboda haka hanya ɗaya tak da hukuma ke riƙe da ita gam a hannunta ita ce yawan takardun izinin harbin mata: ta ƙara su garke ya ragu, ta rage su garke ya samu damar ƙaruwa. A 1996 jihar ta shigo da wani tsari a wuraren da barewa ta yi yawa, wanda ya ce sai ka harbi mace kafin a halatta maka namiji. Tsarin ya yi aiki ƙwarai wajen rage garke, shi ya sa ma aka tsane shi, kuma majalisa ta haramta shi a 2011 zamanin Gwamna Scott Walker. Yanzu gundumomin kudu suna raba takardun harbin mata kyauta, mutane ba sa cike su, garke yana ta hauhawa.

To me zai hana a bar mata a arewa, tunda can ake kuka? A bar su, bayan hunturu mai tsanani wannan shi ne daidai, kuma an yi hakan: a 2014 mafi yawan gundumomin arewa maza kaɗai aka yarda a harba. Matsalar ƙudirin 2024 ita ce ya ɗaure hannun kowa har shekara huɗu a faɗin yanki mai gundumomi kusan ashirin waɗanda ba halinsu ɗaya ba. Wasu na bakin tafki inda dusar ƙanƙara ke kai ƙugu, wasu na gefen gonaki inda manoma ke neman diyyar ɓarna. A wuraren da abin ya fi muni an riga an rage takardun mata sosai, don haka abin da haramcin zai ceto kaɗan ne. Mafi muhimmanci kuma, macen da aka bari a Nuwamba sai ta tsallake Maris kafin ta haihu.

A nan ne ainihin zancen yake. Barewar arewa tana shiga hunturu da kitsen da ta tara a kaka. Idan dusa ta yi zurfi sai ta bar inda ta saba kiwo ta taru a fadamun da itacen sida da hemlok suka yi duhu, masu ganye kore duk shekara, waɗanda rassansu ke tare dusa da iska. A ciki takan tattake 'yan hanyoyi tana bi, ta rage motsi, jikinta ya rage ƙona abinci. Abin da take ci ganyen sida ne da kan ƙananan rassa, kuma ba ya isarta, kullum cikin rama take, kitsen ne ke cike giɓin. Wanda ya shiga irin wannan mafaka a ƙarshen mummunan hunturu zai ga an aske itatuwan tas daga ƙasa har zuwa inda babbar barewa ke kaiwa in ta miƙe a kan ƙafafun baya, layi ɗaya a miƙe a jikin kowace bishiya. 'Ya'yan bara ba sa kaiwa wannan layi, su ke fara faɗuwa. Sai manyan maza da suka ƙone kitsensu wajen bin mata a Nuwamba. Ma'aikacin daji in ya tarar da gawa yakan fasa ƙashin cinya ya duba ɓargo. In fari ne mai maiƙo, dabbar da ƙarfinta ta mutu. In ya zama ja mai ruwa-ruwa, yunwa ta riga ta gama da ita, ko da kyarkeci ne ya ƙarasa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga gawarwakin Maris ba. Mace mai ciki takan tsira, amma ta haifi ɗa marar nauyi wanda ba zai yi mako ba. Wannan ɗan da bai rayu ba shi ne namiji ɗan shekara ɗaya da rabi da maharbi zai nema ya rasa bayan kaka biyu. Hunturu ɗaya yana cin kakar farauta biyu ke nan. Makiyayinmu ya san wannan ba tare da an karanta masa ba: yawan shanun da makiyaya za ta ɗauka ba a damina ake gane shi ba, sai a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare ruwa bai sauka ba.

DNR tana da ma'aunin tsananin hunturu. Daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Afrilu, duk ranar da sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas maki ɗaya ne, duk ranar da zurfin dusa ya kai inci 18, wato kusan santimita 46, wani makin ne. Ƙasa da 50 hunturu ne mai sauƙi, 100 zuwa sama mai tsanani ƙwarai. Na 2013 zuwa 2014 shi ne mafi muni da aka auna. A na 2022 zuwa 2023 kuwa, wanda ya gabaci kakar da ta tayar da ƙura, birnin Duluth da ke bakin iyakar jihar ya ga dusa inci 140, mita uku da rabi, adadin da bai taɓa gani ba. Hunturun da ya biyo baya ya zo da sauƙin da ba a saba gani ba, kuma abin da aka harbe a 2024 ya ɗan farfaɗo. Yawan kyarkeci bai sauya a zo a gani ba tsakanin waɗannan shekaru.

Duk da haka ba zan ce kyarkeci ba shi da hannu ba, domin yana da shi. An ƙarar da shi a Wiskonsin wajen 1960, ya dawo da ƙafarsa daga Minesota a tsakiyar shekarun 1970 bayan dokar tarayya ta ba shi kariya, kuma a ƙiyasin 2023 yana wajen 1,000. Kowane ɗaya yana cin barewa 15 zuwa 20 a shekara, jimilla 15,000 zuwa 20,000. Masu kare shi suna son kwatanta wannan adadi da 300,000 na maharba su ce ai bai kai komai ba, amma wannan kwatance ba adalci ba ne, don kusan duk cin da yake yi a arewa da tsakiyar jihar yake yi, inda barewar ta fi ƙaranci. Kuma a watan Maris, idan saman dusa ya daskare ya yi ɓawo, kyarkeci mai faɗin tafi yana gudu a kai, barewa mai siririn kofato tana nutsewa. Garken da sanyi ya riga ya durƙusar, mafarautan daji suna iya jinkirta tashinsa.

Sai dai ba shi kaɗai ne mai ci ba, kuma ba shi ne babba wajen 'ya'ya ba. A arewacin Mishigan hukumar jihar da Jami'ar Jihar Misisipi sun yi kusan shekara goma daga 2009 suna ɗaura wa barewa da masu cinta na'urar bin sawu. Abin da suka gano shi ne koyote, wani dangin dila, shi ya fi kowa cin jarirai, ga kuma baƙin beyar da kyanwar daji da ake kira bobkat, kuma ƙoshin uwa da tsananin hunturu su ke yanke ko ɗa zai rayu. Wiskonsin tana da beyar kimanin 24,000. Ba kasafai ake jin an tara jama'a a kansa ba, domin shi ana farautarsa duk shekara da lasin.

A ganina wannan ne sirrin zafin da ake yi a kan kyarkeci: shi ne kaɗai aka hana maharba taɓawa. Tsarin jihar na 1999 ya ambaci kyarkeci 350 a matsayin abin da ake nufi, zuwa 2023 ya ninka haka kusan sau uku, kuma sabon tsarin 2023 ya cire adadi gaba ɗaya. An yi farautarsa a 2012 da 2013 da 2014, kotun tarayya ta dakatar. Da aka cire shi daga jerin dabbobi masu kariya a farkon 2021, sai aka yi farautar gaggawa a Fabrairu. An ware kyarkeci 200, ƙabilun Ojibwe 'yan asalin yankin suka karɓi kasonsu na 81 bisa yarjejeniyoyinsu na 1837 da 1842 da gwamnatin Amurka, suka ƙi harba ko ɗaya, don a al'adarsu kyarkeci ɗan'uwa ne. Sauran 119 na masu lasin ne, amma cikin ƙasa da kwana uku suka kashe 218, yawanci da karnuka. Maharba sun yi wa kansu illa da wannan, sun miƙa wa abokan hamayyarsu hujja a hannu. A Fabrairun 2022 wani alƙalin tarayya ya mayar da kariyar. Ra'ayina shi ne dabbar da ta kai dubu a jiha ɗaya, ga kusan dubu uku a Minesota, ta wuce a ce tana bakin ƙarewa, kuma ya kamata a mayar wa jihohi ikonta da farauta mai ƙa'ida wadda za a iya tsayarwa cikin sa'o'i, da shawarar Ojibwe. Hakan zai sanyaya zukata, zai taimaki masu dabbobin gida. Amma duk ɗan siyasar da ya ce wa maharba hakan zai dawo musu da barewar 2000 ruɗinsu yake yi.

Abin da ba a cika taro a kansa ba shi ne dajin kansa, alhali shi ne ke ciyar da dabbar. Barewa ba ta cin gungume, toho take ci. Idan aka sare gandun itacen aspen, saiwoyinsa kan fito da dubban 'ya'ya a eka ɗaya, kuma na wasu shekaru wurin ya zama rumbun abinci da maɓoyar jarirai. Bayan haka itatuwan su wuce bakinta, inuwa ta rufe ƙasa. Dajin da ya taso bayan saran farkon ƙarni na 20 yanzu ya tsufa. Kasuwar itacen takarda ta ja baya, babbar masana'antar garin Wiskonsin Rapids ta rufe a 2020, kuma inda babu mai saye babu mai sara. A ɗaya gefen, mafakar hunturu tana lalacewa ta wata hanya mai ban takaici: shekarun da barewa ta yi yawa ta cinye 'ya'yan sida da hemlok tun suna tsiro, har akwai fadamun da tsofaffin itatuwa ne kawai a tsaye babu masu gadonsu. Yawan da maharba ke begen dawowarsa yana cikin abin da ya rage wa dajin ƙarfin ɗaukar barewa a yau.

Wasu kan ce to a kai mata abinci mana. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne ba kyau. Tumbin barewa a hunturu ya saba da rassa, kuma idan ta cika ciki da masara kwatsam tsami kan yi mata yawa har ya kashe ta. Tarin masara kuma yana tara baki da yawa a wuri ɗaya, wanda shi ne hanyar yaɗa cutar nan mai ramar da dabba da lalata ƙwaƙwalwa da ake kira CWD. An fara ganinta a Kolorado a 1967, ta ɓulla a Wiskonsin a 2002 kusa da garin Mount Horeb a kudu maso yamma. Ba ta da magani ba ta da rigakafi, kuma abin da ke jawo ta yana daɗewa a cikin ƙasa shekaru. Jihar ta kashe miliyoyin daloli tana neman kawar da ita ta hanyar ƙarar da barewar yankin, masu filaye suka ƙi ba da haɗin kai, shirin ya rushe. Yau ta bazu gundumomi da yawa, ta fara leƙa arewa, kuma duk inda ta ɓulla doka tana hana zuba abinci. Wannan ita ce barazanar da ba ta tafiya da sauyin yanayi, kuma na fi jin tsoronta a kan kyarkeci.

Ƙarƙashin duk wannan akwai rashin yarda. Ba wanda ke ƙirga barewa ɗaya bayan ɗaya. Tun shekarun 1960 DNR tana ƙiyasi ne daga abin da aka harbe: maza nawa, shekarunsu nawa bisa haƙora, 'ya'ya nawa ake gani tare da kowace uwa. Masanan waje da suka binciki hanyar a 2006 sun ce tana da amfani a babban yanki amma tana iya kuskure sosai a ƙaramin wuri, wato daidai wurin da maharbi ke zaune. Shi kuwa maharbi yana ganin da kuɗin lasisinsa da harajin harsashinsa ake biyan albashin ma'aikatan, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamna Walker ya ɗauko Dakta James Kroll daga Teksas ya duba tsarin, rahotonsa ya fito a 2012, kuma daga 2014 aka kafa majalisar shawara kan barewa a kowace gunduma, mai wakilan maharba da manoma da masu gandun daji da sauransu. Su ke ba da shawarar ko a ƙara garke, ko a bar shi, ko a rage, da yawan takardun mata. A 2015 kuma aka daina kai gawar barewa gidan mai ko kanti don yin rajista, aka koma waya da intanet. An samu sauƙi, amma an yi asarar wurin da maharbi da ma'aikacin daji ke tsayawa a bayan mota ɗaya suna duba haƙori ɗaya.

Ba Wiskonsin kaɗai ba ce. A Pensilbaniya, masanin namun daji na hukumar jihar Gary Alt ya zagaye jihar yana lallashin maharba su harbi mata su bar ƙananan maza su girma, aka kafa dokar ƙidayar rassan ƙaho a 2002, kuma sai da ya riƙa sa rigar sulke zuwa taruka saboda barazana. Ya ajiye aiki a ƙarshen 2004. Dokar rassan ƙaho, wadda wasu ke nema a arewacin Wiskonsin da Mishigan, tana ƙara yawan manyan maza. Ba ta ƙara yawan garke, don ba maza ke haihuwa ba.

Akwai kuma wani abu da maharba ba sa son a faɗa. Su kansu sun ragu, sun kuma tsufa. A dā mutum ashirin kan jeru su kora daji, barewa ta tashi ta bi ta gaban kowa. Yanzu kowa yana zaune shi kaɗai a rumfa yana jira, dabbar kuma ta koyi kwanciya har dare. Masu hali sun sayi filaye sun shuka mata abinci sun kafa allon hana shiga, ta tare a can, talakan da ke farauta a dajin gwamnati ya wuni bai ga komai ba. Dokar Amurka ta ce naman daji na jama'a ne ba na mai fili ba, amma mai fili ne ke da ƙofa. Wani ɓangare na raguwar da ake gani a takarda raguwar masu harbi ce da sauyin inda dabbar ke kwana.

Gwamna Evers ya yi daidai da ya ƙi sa hannu. Yawan matan da za a harba abu ne da ya kamata a yanke shi shekara-shekara, gunduma-gunduma, bayan an ga yadda hunturu ya ƙare, kuma majalisun gundumomi an kafa su ne don wannan aiki. Amma hukuma ma tana da nata bashin: idan ma'auninta ya haura 100 ta rufe harbin mata a dajin gwamnati nan take ba sai an yi mata ihu ba, ta kuma daina amsa kukan mutumin Ashland da adadin jiha baki ɗaya. Ƙungiyoyin maharba kuwa, ƙarfin da suke kashewa a kan kyarkeci, da sun raba shi biyu sun kai rabi wurin da ake tsara saran itace. Dajin tarayya na Chequamegon-Nicolet kaɗai eka miliyan ɗaya da rabi ne, ga dazuzzukan gundumomi da suka fi haka faɗi, kuma kowannensu yana da tsarin da ke faɗin aspen nawa za a sare da fadamar sida nawa za a kare. Tarukan da ake yanke wannan a buɗe suke ga kowa, kuma can ya kamata mai son ganin barewa a gaban jikansa ya kai kukansa.